Kwalin Ƙarƙashin Mota

Litinin, 5 ga Mayu

Suga 14 da safe. Likita ya ce in riƙa rubuta lambar kullum a littafi. Ga littafi, ga lamba. Sauran shafin ya zauna fari yana kallona, shi ya sa na ci gaba.

Yau sati biyar ina gida. Ranar Alhamis aka cire bandeji. Tafin hannun ya yi sabuwar fata, ja, mai sheƙi, kamar aro aka ba ni. Nas ta danna ta ce da zafi? Na ce kaɗan. Ƙarya nake. Ba don ina kallo ba, da ban san ta taɓa ni ba.

Bari in rubuta yadda abin ya faru sau ɗaya, tunda kowa yana ba da shi yadda ya ga dama. Ina tsaye a gaban wata mota da ba a jima da kashe ta ba, ina yi wa mai ita bayani. Na dafa hannun dama a kan wuyan salansa, inda ya fito daga inji. Ina ta zuba. Sai na ji ƙauri. Har na juya zan yi faɗa, wane sakarai ne ya bar tsumma a kan inji. Bahago ne, babban yarona a gareji, ya fizge ni. Garejin ya yi tsit, mutum goma sha ɗaya har da mai motar. Ni kuma ina kallon hannun kamar na wani.

Likita ya ce suga ya daɗe yana cin jijiyoyin yatsuna, dama da hagu. Ƙarfi yana nan, ji ne ya tafi. Na ce yaushe zai dawo. Ya shiga gyara takardun gabansa.

Ni na sani tun bara. Noti ya suɓuce, in ce giris ne.

Talata, 6 ga Mayu

13. Maman Auta ta duba lambar kafin ta ɗora tukunya, kamar kullum. Na zauna a tsakar gida. An kawo abinci, na ci. An ɗauke.

Laraba, 7 ga Mayu

Bahago ya dawo da makulli da yamma. Makullin babban akwatin kayan aiki nake nufi. Yana kwana a aljihuna, da safe ya biyo ya karɓa, in an tashi ya kawo. Gidana ba kan hanyarsa yake ba. Bai taɓa ƙorafi ba.

Shekara ashirin da biyu yana hannuna. Har ya yi furfura a gemu, 'ya'yansa huɗu, amma har yau ba ya zama kan kujera a gabana. Ya durƙusa gefen famfo ya ba ni labarin gareji, wannan ta shigo, waccan ta fita. Bai ce an yi kewata ba, bai ce ba a yi ba.

Da zai tafi ya tsaya gaban motata ya leƙa ƙasa. Akwai tabon mai a siminti, faɗin tafin hannu. Ya dangwala yatsa ya kai hanci. Ya ce man giya ne Maigida, sil ɗin gefen direba, bari in zo gobe in ɗauke ta, aikin awa biyu ne.

Na ce wa ya koya maka sansanar mai?

Ya ce kai.

Na ce to bar mini motata.

Sil. Zoben roba da bai kai bakin kofin shayi ba. Yana zaune inda shaf ɗin taya yake shiga giyabos, aikinsa kawai ya hana mai fita. Na sa irinsa ya fi dubu, ina sawa ina hira.

Da sifana uku da buhun shimfiɗa na fara, a gindin katangar wani. A aji uku na tsaya a sakandare. Ba wanda ya taɓa ba ni ko noti ɗaya. Masu takarda su zo da na'urarsu suna aune-aune, ni in ja farce a jikin ƙarfe in gaya musu abin da za su gani. Shi ya sa ake ce mini Mai Farce. Farcen manunin dama, shekara talatin da huɗu ban bar shi ya gajarta ba. Yana nan har yau.

Ga abin da na yanke, kuma ban gaya wa kowa ba. Zan canja sil ɗin nan da hannuna, ni kaɗai. In shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Idan kwali ya wayi gari sau uku a jere ba ɗigo, Litinin mai bi ina gareji da rigar aiki. Idan ya ƙi, makulli na Bahago ne, ni kuma in zauna inda aka ajiye ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

12. Na je shagon Tabarau, wanda nake sayen kayan gyara wurinsa tun yana da tebur ɗaya. Na manta da wasanmu. Duk lokacin da na zo sayen roba sai ya fito da biyu ba cikin leda ba, ɗaya asali ɗaya jabu, ya ajiye a kan kanta ya kira maƙwabta su zo su ga Mai Farce. Ya yi hakan kuwa. Mutum uku suka matso.

Na ɗauki na farko na murza leɓen robar tsakanin yatsu, na ɗaga kai sama yadda na saba. Ba komai. Na ɗauki na biyu. Ba komai. Da iska na murza, da duk ɗaya ne.

Sai na kalli fuskar Tabarau. Idan na riƙe jabun, gefen bakinsa yana motsi. Ashe shekara da shekaru yana yi, ban taɓa bukatar in lura ba. Na ajiye wancan na ɗauki ɗayan.

Suka yi ta dariya, wai wuta ma ba ta ci farcen ba. Ni ma na buɗe baki na yi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ban taɓa motar ba. Na fito da kayan aikin gida na jera. Na mayar.

Asabar, 10 ga Mayu

Awa biyu ta zama awa bakwai.

Jak, kututture a ƙarƙashi, taya. Babban notin tsakiya na sa masa bututu na taka, ya saki. Ƙarfi kam yana nan, likita bai yi ƙarya ba. Na saki ƙasan ƙafar motar, na zare shaf, mai ya zubo cikin tsohon kwano. Tsohon sil ya bushe ƙam, leɓensa ya tsage. To, na ga dalili.

Abin da ban yi lissafi da shi ba: komai sai na gani. Aikin da hannu yake yi shi kaɗai ina kallon wani wuri, yau sai da na tsaya a kansa kamar mai gadi. Akwai noti ɗaya a baya da ido ba ya kai masa. Da sai dai in tura yatsa biyu. Yau sai da na ɗauko ɓallin madubi daga banɗaki, na kwanta ina kallon yatsuna a ciki suna lalube kamar baƙi. Wani lokaci na ga jini a jikin sifana, na bi na duba, babban yatsan hagu ne. Ban san yaushe ba.

Maman Auta ta tsaya a ƙofar kicin ta rufe hanci da gefen mayafi. Duk cikin man mota ba wanda ta tsana kamar man giya, ta ce warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne da aka jiƙa a kananzir. Shekara talatin da ɗaya, kullum na dawo sai na tarar da bokiti da sabulu a bakin ƙofa, ba na shiga ɗaki sai na bi ta kansu. Ko tsummana ba ta ɗauka sai da tsinke. Ta ce likita ya ce ka huta. Na ce hutun nake. Ta koma ciki.

Na doka sabon sil har ya zauna gindinsa, na shafa wa leɓen mai, na mayar da komai. Na cika giyabos, na wanke ƙasan da fetur tas, na zaga unguwa sau biyu don man ya ɗumama. Na yanko gefe ɗaya daga kwalin fankar da muka saya bara, yana jingine a sito. Na karta masa alama da farce a baya, layi biyu a gicciye, sannan na tura shi ƙarƙashi. Alamar nan tun daga gareji na saba, don kada wani mai wayo ya canja mini kwali ya ce ya gyara.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ɗigo biyu. Wataƙila ragowar da ban wanke ba ne.

Litinin, 12 ga Mayu

15. Ɗigo uku, sababbi, daidai ƙarƙashin sil.

Bahago ya zo karɓar makulli, ya ga kwalin, ya ɗauke kai yana kallon katanga. Ya tambayi jikina. Na ce da sauƙi.

Na ce wa kaina robar ce, wataƙila Tabarau ya koyi riƙe bakinsa. Na tafi wani shago can gaba inda ba a san ni ba, na sayi wani cikin ledarsa a rufe.

Talata, 13 ga Mayu

Na sake kwancewa. Yau awa biyar.

Sil ɗin Tabarau lafiyarsa ƙalau. Leɓe bai naɗe ba, sifirin ɗin ciki yana wurinsa, ya zauna daidai. Na juya shi a rana ta kowane gefe. Ba laifinsa.

To saura shaf. Na wanke wuyansa, inda leɓen sil yake gogawa. Akwai layi mai sheƙi da ya zagaye shi. Kowane tsohon shaf yana da wannan layin. Abin tambaya, sheƙi ne kawai ko ya ci ya zama rami. In ya zama rami, ko sil ɗari ka sa mai zai bi ta ciki ya fita. Ido ba ya rarrabewa, sheƙin yana ruɗar sa. Farce ne yake faɗa. Ka ja shi a hankali ka tsallake layin, in ya wuce sumul shi ke nan, in ya ɗan tsaya kamar ya yi tuntuɓe, akwai rami. Wannan shi ne abincina shekara talatin da huɗu.

Na ja sau uku ina kallo. Sai na ce bari in rufe ido yadda na saba, wataƙila idon ne yake hana ni. Na rufe, na ja, na jira. Da na buɗe, yatsan ya daɗe da barin ƙarfen. Yana sama yana jan iska.

Na zauna a siminti kaɗan. Wata kaza ta maƙwabta ta shigo ta fita.

Na yanke cewa sumul ne. Na sa sabon sil, na mayar, na wanke, na zaga. Sabon kwali, sabuwar alama.

Laraba, 14 ga Mayu

Fes. Ba ɗigo.

Alhamis, 15 ga Mayu

12. Fes kuma. Na zaga da ita jiya da yamma, saboda haka ba a ce don tana ajiye ba ne.

Ya kamata in ji wani abu. Na tsaya a kan kwalin ina jira ya zo. Kamar mutum ya murza makulli, fitilun gaba duk su kawo, inji ya yi shiru.

Maman Auta ta fito da rigar aikina daga ƙasan akwati ta wanke. Ban ce ta wanke ba.

Auta ta kira daga makaranta. Ta ce Baba muryarka ta yi ƙasa. Na ce waya ce.

Juma'a, 16 ga Mayu

Rana ta uku. Fes.

Na dawo na zauna, ta kawo mini magani. Ita take ɓallo ƙwayoyin daga cikin takarda, ni suna guje mini. Ta zuba mini a tafi, ta miƙo kofin ruwa kusa da fuskata.

Sabulu mai ƙamshin lemo, da yawa, ya fi na kullum. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani abu. Hannuna ne ya mutu, hancina bai mutu ba. Man giya ba ya fita a wanki ɗaya, ba ya fita a wanki uku. Yana shiga gefen farce ya zauna.

Na sha maganin. Na ce sannu. Ta ce yauwa.

Da ta fita kasuwa na jawo kwalin na juya bayansa. Ba alama. Na kwanta na leƙa ƙasan giyabos, an goge shi, gogewar wanda bai san aiki ba, an bi inda ido yake gani an bar saman ƙarfen da mai. Ban sha wahalar nema ba. Kwalayen suna bayan tankin ruwa, an ninke su an cusa. Uku. Na farkon da alamata a bayansa. Kowanne tabonsa ya fi na jiya faɗi.

Na mayar da su yadda na same su.

Asabar, 17 ga Mayu

Fes, karo na huɗu. Kwalin fankar ya kusa ƙarewa, na yau har da hoton fankar a jikinsa, ta kifa shi ƙasa.

Ina kwance da sassafe na ji ta. Tsintsiya tana tafiya, ta tsaya, shiru mai ɗan tsawo, sannan famfo ya daɗe yana zuba. Mace mai ciwon gwiwa, tana rarrafe a ƙarƙashin mota.

Ban fito ba sai da ta gama.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ta goge rigar aikin ta rataye a bayan ƙofa. Gobe Litinin.

Litinin, 19 ga Mayu

Bahago ya zo da sassafe, ya sa sabuwar hula. Da ya gan ni da kayan gida sai ya tsaya. Ashe an gaya masa yau zan fito. Na miƙa masa makulli, na ce a gaida mutane.

Sannan na je bayan tanki na kwaso su. Shida yanzu. Na jera su a ƙofar kicin daga ƙarami zuwa babba, na jawo kujera na zauna.

Ta fito da tire a hannu. Ta kalle su. Ta ajiye tiren a hankali. Ban ga kunya a fuskarta ba, gajiya na gani.

Ta ce gara da ka gano, Baban Auta, don kwalin fanka ya ƙare jiya, na yau na sabulu ne.

Na ce wa ya gaya miki maganar kwana uku?

Ta nuna teburin magani da leɓe, inda littafin nan yake kwana. Ta ce kai ka ce in riƙa duba lamba. Idona ba shi da birki.

Na ce kin san abin da kika yi? Da na yarda na hau babbar hanya, mai ya tsiyaye, giya ta ƙone da ni a ciki?

Ta ce, "Ni ba mota nake gyarawa ba."

Ta ci gaba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sati bakwai ke nan ba ta ji na yi tsaki ba. Mutumin da yake yi wa ƙofa tsaki in ta yi ƙara, yake yi wa rediyo tsaki, yake yi wa gishiri tsaki in ya yi yawa. Ta ce ranar Laraba da gangan ta bar miya ta kama, na cinye na ce sannu. Ta ce tana kawo abinci tana ɗaukewa kamar mai jinya a asibiti, ita kuma ba nas ba ce, ba kuma majinyaci ta aura ba. Ta ga abu ɗaya ya tashe ni daga kujera, ta ga ɗigon mai zai mayar da ni, sai ta ɗauke ɗigon.

Na ce aikin banza kika yi. Ko gogewar ma ba ki iya ba, kin bar mai a sama. Kuma wa yake canja wa makanike kwali bai juya bayansa ya duba alama ba?

Na ji tsakin kafin in san daga bakina ya fito. Dogo ne kuwa.

Ta ce yauwa. Ta ɗauki tirenta.

Da yamma na je wurin Tabarau. Ya fara fito da biyu, na ce bar wasan nan yau, zaɓa mini mai kyau. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya dubi hannuna, ya mayar da ɗaya ƙarƙashin kanta. Bai kira kowa ba.

Talata, 20 ga Mayu

13. Kwancewa ta uku. Na fara sanin hanyar da ido, awa biyu da rabi shaf yana ƙasa.

Na wanke wuyansa da fetur, na goge, na ɗora shi a kan benci. Na daɗe ina kallon layin. Sannan na kira ta.

Ban san yadda ake faɗar irin wannan ba, ban taɓa faɗa ba. Na ce zo ki ara mini farce.

Ta zo da mayafi a hanci. Na ce sauke, ba a aiki da hannu ɗaya. Na kama yatsanta na ɗora a inda ƙarfen yake lafiya, na ce ja a nan ki ji yadda sumul yake. Ta ja. Na ce to yanzu rufe ido, ki ja daga nan zuwa nan a hankali, kada ki danna, ki bar farcen ya yi tafiyarsa.

Ta ja. Ta tsaya. Ta koma ta sake.

"Akwai inda yake ɗan maƙalewa," in ji ta. "Ƙis. Kamar an ja zare a jiki."

Na juya shaf ɗin kaɗan na ce nan fa. Ta ce nan ma. Na yi ta juyawa har muka zagayo. Ko'ina.

Rami ne. Tun ranar farko yana nan. Sil biyu na kashe a kansa, abin da a da ko gaisuwa ba zan gama da mai mota ba na faɗa.

Maganinsa biyu. Ko sabon shaf, ko dabarar da na koya wa kaina tun ina gindin katanga: kada ka doka sabon sil har gindi inda tsohon ya zauna. Ka bar shi ya ɗan fito, kaurin tsinken ashana, sai leɓen ya hau sabon ƙarfe ya bar ramin a baya. Amma dole ya zauna daidai ta kowane gefe, in ya karkace ko kaɗan an koma gidan jiya. Wurin kuma a lungu yake, rabin zoben ido ba ya ganinsa.

Na shimfiɗa mata buhu. Ta dube ni, ta dubi buhun, ta ce gwiwata fa. Na ce wadda ta yi kwana shida tana rarrafe ba a sa ta ba? Ta kwanta.

Ni ina dokawa da bakin bututu da ƙaramar guduma, ita tana zagaya gefen da yatsa. Ta ce sama ya fi fitowa. Na doka sama. Ta ce yanzu ta bayan. Na doka. Na ba ta tsinken ashana ta gwada wuri huɗu. Ta ce daidai. Na ce sake. Ta ce na ce maka daidai.

Mai ya ɗigo mata a kumatu. Da muka fito ta goge fuska da tsummana, da hannunta, ba tsinke. Ta ce wai dama aikin ke nan da kake yi mana fankama a kai shekara talatin?

Na ce shi ke nan.

Ta ce to ba laifi, da ɗan wuya.

Kwali daga shagon maƙwabci. Alama uku na yi masa.

Laraba, 21 ga Mayu

Fes. Alamata tana nan. Da ta miƙo kofi na kama hannun na kai hanci. Warin man na jiya ne, ya fara tsufa. Ta fizge.

Alhamis, 22 ga Mayu

Fes. Na kai ta gidan ƙanwarta na dawo da ita, tafiya mai ɗan nisa, har giya biyar. Na kwanta na duba. A bushe.

Juma'a, 23 ga Mayu

11. Fes. Yau ita ta miƙo hannun da kanta kafin in tambaya. Albasa kawai.

Asabar, 24 ga Mayu

Na koma shafin 7 ga wata na karanta abin da na rubuta. Da hannuna, ni kaɗai. Haka na rubuta, ba wanda ya sa ni.

Kwali ya yi kwana uku. Hannun ba nawa ba ne.

Na yi ta juya maganar ko akwai ta inda za ta ba ni gaskiya. Guduma ni na riƙe. Dabara tawa ce. Amma ba zan canja wa kaina kwali ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba komai. Ƙofar sito tana ƙara, na sa mata mai.

Litinin, 26 ga Mayu

12. Na riga Bahago fita. Da motata na je, da kayan gida. Rigar aikin tana bayan ƙofa, ban ce ba zan sake sa ta ba, yau dai zafi ake yi.

Da na shiga suka yi tsit irin na ranar. Kowa yana ƙoƙarin kada ya kalli hannuna. Na ɗaga shi sama na ce ga shi, ku kalla ku huta, sannan wane ne ya bar jak a tsakiyar hanya. Aka watse.

Sun canja wa benci wuri. Inda suka sa shi ya fi, iska tana shiga. Ban faɗa ba.

Wajen hantsi aka zare shaf ɗin wata mota, irin aikin nan dai. Mai aikin ya goge, ya ɗauko sabon sil zai doka. Na ce tsaya. Na ga sun juyo duka, suna jira in tashi in ja farce. Ban tashi ba. Na ce Bahago, sa farce ka gaya mini abin da ka ji.

Ya sa, da hagun nan tasa da na yi shekara biyar ina bugewa ban raba shi da ita ba. Ya rufe ido, ya ɗaga kai sama. Ban san yana ɗaga kai irin nawa ba. Ya ce akwai rami, Maigida, amma bai yi zurfi ba. Na ce to sai me? Ya ce kaurin ashana. Na ce to me kake jira.

Da aka tashi ya kulle akwati ya kawo mini makulli da hannu biyu. Na ce riƙe, aljihun rigar nan ya huje. Ya tsaya yana kallona. Na ce gobe ma ina nan, kada wani ya ɗauka hutu ya samu. Ya sa shi a aljihu, ya ɗora hannu a kai, ya tafi bai waiwayo ba.

Aljihun zai iya hujewa. Rigar ta tsufa.

Da na koma gida Maman Auta ta zauna yanke mini farce, tunda likita ya hana ni riƙe reza. Ta bi tara ta tsallake ɗaya, yadda ta saba. Na bar mata yatsan a hannu ban janye ba. Ta ɗago. Na ce yana kama mini zaren riga ne kawai.

Ta yanke, na ji ƙarar. Ƙas. Ban ji komai ba a yatsan. A wani wurin ne, can ƙasan haƙarƙari, kaɗan, kuma bai daɗe ba. Wataƙila abinci ne.

Kwali fes, kwana shida. Gobe zan ɗauke shi.

Ke kuma mai idon da ba birki: lambar tana sama, 12. Naki farcen kada ki yanke.